Ɗan Tayi Nawa Za a Mayar? Nazari Kan Sauyin Dabarun Dashen Ciki da Abin da Ya Haifar

A duk tsawon aikin dashen ciki, wanda likitoci ke kira IVF, babu matakin da ya fi sauƙi a ido kamar na ƙarshe. Mace ta riga ta sha allurai na kusan mako biyu, an kwashi ƙwai daga jikinta, an haɗa su da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, an yi jiran kwanaki. Abin da ya rage shi ne likita ya ɗauki siririn bututu ya bi ta bakin mahaifa, ya ajiye ɗan tayin da ido ba ya ganinsa sosai sai da madubin likita. Cikin 'yan mintuna an gama, galibi ko allurar barci ba a bukata. Sai dai kafin a kai ga wannan bututu akwai shawara uku da ake yankewa: ɗan tayi nawa za a mayar, mai kwana nawa, kuma yanzu za a mayar da shi ko a daskarar da shi sai wani watan. Bayan ikon Allah, waɗannan shawarwari suna daga cikin abubuwan da suka fi tasiri a kan ko matar za ta koma gida da jariri lafiyayye a goye, ko za ta kwashe makonni tana leƙen bakwaini a kwalba.

Cikin shekaru kusan ashirin da biyar da suka wuce amsar tambayar farko ta juya gaba ɗaya a ƙasashe da dama. Inda a da ake mayar da uku ko huɗu, yau ɗaya ake mayarwa a adana sauran. Ra'ayina shi ne wannan sauyi yana cikin mafi alherin da aka samu a fannin maganin rashin haihuwa, kuma ba ilimin likita kaɗai ya kawo shi ba. Kuɗi da doka da yadda ake auna nasara sun yi aiki daidai da na ɗakin gwaji. Shi ya sa bai isa ko'ina ba, kuma wuraren da bai isa ba su ne suka fi bukatarsa.

Yadda aka saba da mayar da yawa

Louise Brown, jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya, an haife ta ne ranar 25 ga Yulin 1978 a garin Oldham na Ingila, sakamakon aikin Patrick Steptoe da Robert Edwards da Jean Purdy. Ƙwai ɗaya aka ɗauka daga mahaifiyarta, ɗan tayi ɗaya aka mayar. Ba da daɗewa ba likitoci suka koma amfani da magungunan da ke sa ƙwai da yawa su nuna a wata guda, sai aka wayi gari da 'yan tayi da dama a hannu, ga shi kuma babu ingantacciyar hanyar adana su. Ɗakunan gwaji na lokacin ba su kai na yau ba, yawancin abin da aka mayar ba ya kamawa. Dabarar da ta zo wa kowa ita ce ta manomin gero, wanda kan zuba ƙwaya da yawa a rami ɗaya don in wata ta ƙi wata ta fito. Shi manomi in duk sun tsiro sai ya bi ya rage. Mace mai ɗauke da 'yan huɗu kuwa, ragewar da likita zai iya yi mata ita ce tsayar da bugun zuciyar wasu daga cikinsu, abin da ke da nauyi ainun a zuciya da a addini, kuma yana iya jawo ɓarin cikin baki ɗaya.

Da ɗakunan gwaji suka inganta, 'yan tayi suka fara kamawa sosai, amma al'adar mayar da yawa ba ta ja baya ba. A Birtaniya, cikin shekarun 1990, fiye da ɗaya cikin kowace haihuwa huɗu ta dashen ciki tagwaye ne ko 'yan uku. A Amurka wani nazari da aka buga a 2013 ya kiyasta cewa zuwa 2011 kashi 36 cikin 100 na tagwayen ƙasar, da kashi 77 cikin 100 na 'yan uku zuwa sama, daga magungunan haihuwa da dashen ciki suka fito. Lamarin ya kai maƙura a Janairun 2009, lokacin da wata mata a jihar Kalifoniya ta haifi 'ya'ya takwas bayan likitanta ya mayar mata da 'yan tayi goma sha biyu. A 2011 hukumar likitocin jihar ta ƙwace lasisinsa.

Abin da tagwaye ke ci

A nan dole a yi magana da tausasawa, domin a ƙasar Hausa tagwaye abin alfahari ne. Gidan da ke da Hassan da Usaini, ko Hassana da Usaina, har wanda ya biyo bayansu yana da sunansa na musamman, Gambo. Matar da ta yi shekara goma ana yi mata gorin juya, ana yi wa mijinta tayin ƙarin aure a gaban idonta, in aka ce mata za ta iya samun biyu a lokaci guda, ba za ta ji wannan a matsayin gargaɗi ba. Bushara za ta ji. Ba ni ganin laifinta ko kaɗan, kuma babu mai cewa tagwayen da Allah ya bayar ba rahama ba ne. Maganar ita ce ko ya dace likita ya nemo cikin tagwaye da gangan alhali yana da wata hanya mai kaiwa ga buri ɗaya.

Kusan shida cikin kowane goma na tagwaye ana haifar su ne kafin ciki ya cika mako 37, alhali a cikin ɗa guda abin bai wuce ɗaya cikin goma ba. Daga wannan haihuwar wuri ne sauran matsalolin ke ɓullowa: huhun da bai gama ƙwari ba, ƙarancin nauyi, zubar jini a ƙwaƙwalwa, saurin kamuwa da cuta, da lalurar ƙwaƙwalwa mai shanye gaɓoɓi, wadda haɗarinta a tagwaye ya ninka na ɗa guda sau da dama. Uwar ma tana ɗaukar nata kason. Hawan jinin masu ciki, wanda in ya yi tsanani yake kaiwa ga jijjiga, ya fi yawa ninki biyu ko fiye a mai ɗauke da tagwaye. Haka ciwon sukari na masu ciki, da ƙarancin jini, da tiyata, da ɓallewar jini bayan haihuwa saboda mahaifar da ta buɗe fiye da kima ba ta saurin tsukewa. A tuna kuma cewa mai neman dashen ciki sau da yawa shekarunta sun ja, wata an taɓa yi mata aikin cire ƙari a mahaifa, wata tana da hawan jini tun kafin cikin. Jikin da ya fi kowane bukatar sassauci shi ake ɗora wa kaya biyu.

Gwajin da ya sauya lissafi

Tun a 1999 likitoci a Finlan da Beljiyam suka fara buga sakamakon mayar da ɗaya tak, amma hujjar da ta fi ratsa duniya ta fito ne a 2004, daga wani gwaji da likitocin Suwidin suka jagoranta. An ɗauki mata 661 waɗanda ba su kai shekara 36 ba, kowace tana da aƙalla 'yan tayi biyu masu kyau, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya aka mayar musu da biyun a lokaci guda. Ɗaya rukunin aka mayar da ɗaya, aka daskarar da na biyu, sai in na farkon bai yi ba sannan a narke shi a mayar. A rukunin biyu-a-haɗe kashi 42.9 cikin 100 suka haihu. A rukunin ɗaya-bayan-ɗaya kashi 38.8 suka haihu. Amma tagwaye sun kai kashi 33.1 cikin 100 na haihuwar rukunin farko, a na biyu kuwa kashi 0.8 ne kawai.

Hikimar da ke ƙarƙashin waɗannan alƙaluma mai sauƙi ce. Ɗan tayi ba ya taimakon ɗan'uwansa wajen kama bangon mahaifa. Kowane da nasa rabon, wanda galibi ya dogara da lafiyar halittarsa. In mace tana da biyu masu kyau, ko an mayar da su tare ko an jera su, jimillar damarta ta samun ɗa kusan ɗaya ce. Abin da ke bambanta shi ne ko za su zo a ciki ɗaya ko a ciki biyu daban-daban. Sharaɗin kawai shi ne na biyun ya tsira daga daskarewa.

Wannan sharaɗi ne ya daɗe yana cije lamarin. An fara samun ciki daga daskararren ɗan tayi a Ostireliya a 1983, aka yi haihuwar farko a can a 1984, amma tsohuwar hanyar sanyayawa a hankali tana barin ƙanƙara ta tsiro a cikin ƙwayoyin halitta ta yayyaga su, don haka wani kaso mai yawa ba ya farfaɗowa. A shekarun 2000 ne hanyar daskarewar gaggawa ta bazu, musamman ta aikin masanin Japan Masashige Kuwayama. Ana janye ruwan jikin ɗan tayin, a tsoma shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ya sandare kamar gilashi kafin ƙanƙara ta samu damar fitowa. A ɗakin gwajin da ya ƙware, fiye da tara cikin goma suna farfaɗowa lafiya. Gwajin Suwidin da tsohuwar hanya aka yi shi, wato 'yar tazarar kashi huɗu da aka gani tsakanin rukunan biyu ana sa ran ta fi haka ƙanƙanta a yau.

Wanda ke biya shi ke yanke hukunci

Duk da wannan hujja, ba a ga ƙasashe sun sauya a tare ba, kuma in aka duba waɗanda suka riga sauran za a ga abu ɗaya ya haɗa su. Beljiyam ce ta fi fito da shi fili. A Yulin 2003 gwamnatinta ta ɗauki nauyin kuɗin ɗakin gwaji har zagaye shida ga matan da ba su kai shekara 43 ba, bisa sharaɗin taƙaita adadin da ake mayarwa: mace 'yar ƙasa da 36 ɗaya za a mayar mata a zagayen farko. Lissafin da aka yi shi ne kuɗin da za a tsimi daga jinyar bakwaini zai taimaka wajen biyan kuɗin dashen. Cikin tagwaye da 'yan uku ya sauko daga kusan kashi 27 cikin 100 zuwa kusan 11. Lardin Kebek na Kanada ya bi irin wannan sawu a Agustan 2010, kuma cikin 'yan watanni adadin ya faɗo daga kusan kashi 25 zuwa ƙasa da kashi 4. Matan ba su sauya ba, likitocin ma su ne dai na jiya. Abin da ya sauya shi ne ma'aurata sun san in wannan karon bai yi ba akwai wani a gaba, ba sai sun sayar da fili ba.

Birtaniya ta bi ta hannun hukumarta mai kula da wannan fanni, HFEA. Daga 2009 ta kafa wa kowane asibiti iyakar yawan tagwayen da bai kamata ya wuce ba, tana rage iyakar a hankali har zuwa kashi 10. Zuwa 2019 adadin ƙasar ya sauko kashi 6, a 2022 ya kai kashi 4, kuma yawan masu samun haihuwa bai ragu ba a wannan tsakani, ƙaruwa ma ya yi. Suwidin ta kafa ƙa'idar mayar da ɗaya tun 2003. A Japan ƙungiyar likitocin mata ce ta fitar da ƙa'idar a 2008, ba majalisa ba, kuma asibitoci suka bi. Yau kusan ɗaya cikin kowane jarirai goma na ƙasar ta dashen ciki ake samunsa, mafi yawansu daga daskararrun 'yan tayi. Turkiyya ta kafa dokarta a 2010: mace 'yar ƙasa da 35 ɗaya za a mayar mata a zagaye biyun farko, kuma ko ta halin ƙaƙa ba a wuce biyu.

Doka na iya jan akalar zuwa baya ma. A 2004 Italiya ta hana daskarar da 'yan tayi, ta hana samar da fiye da uku, ta kuma wajabta mayar da duk abin da aka samar a lokaci guda. Manufar ita ce kare martabar ɗan tayi, amma sakamakon shi ne mata masu ƙuruciya suka riƙa ɗaukar cikin 'yan uku ba da zaɓinsu ba, har kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke wannan sashe a 2009.

Akwai kuma batun ma'auni, wanda ba a cika kula da shi ba. Asibitin da ke tallata kansa da yawan matan da gwajin cikinsu ya nuna an samu, a kowane dashe, yana da dalilin mayar da uku, domin hakan na ɗaga alƙalumansa. In tagwayen suka zo a wata bakwai, a wani asibitin ake jinyarsu, ba sa shiga littafinsa. Ma'aunin da masana suka koma kai shi ne: daga kwasar ƙwai guda ɗaya, in aka haɗa dashen farko da duk na daskararrun da suka biyo baya, mata nawa ne suka haifi ɗa mai rai, shi kaɗai, a kan lokacinsa? Da wannan ma'auni mayar da ɗaya ba ya da abokin gasa.

Ba zan ɓoye farashin wannan dabara ba. Tana cin lokaci. Matar da za ta iya samun ciki a karon farko da biyu, wata sai a karo na biyu ko na uku za ta samu, kuma kowane gwajin da ya nuna babu yana da zafin da alƙaluma ba sa aunawa. Wasu ma'auratan sukan gaji su daina alhali suna da sauran 'yan tayi a ajiye. Ga macen da ta haura arba'in kuma, wadda fiye da rabin 'yan tayinta ke da matsalar adadin kuromozom, mayar da biyu abu ne da ƙa'idodin ƙasashe da dama suka yarda da shi. Mayar da ɗaya ma ba ya toshe ƙofar tagwaye ɗungurungum, domin ɗan tayi guda kan rabe biyu a ɗaya ko biyu cikin ɗari.

Inda yayi ya riga hujja

Nasarar daskarewa ta haifar da wani sabon yayi: a daina mayar da sabo gaba ɗaya, a daskarar da komai, a jira jikin mace ya huce daga allurai. Tunanin yana da tushe, domin yawan sinadaran homon na lokacin kwasar ƙwai na iya sa bangon mahaifa ya riga ɗan tayin nuna. Wani babban gwaji a ƙasar Sin da aka buga a 2016, kan mata 1,508 masu lalurar PCOS, wadda ke sa ƙwai da yawa su taso amma ba sa fita a kan kari, ya goyi bayan haka. Masu daskararre kashi 49.3 cikin 100 suka haihu, masu sabo kashi 42. Kumburin gidan ƙwai mai haɗari, wanda ke tara ruwa a ciki da ƙirji, ya sauko daga kashi 7.1 zuwa 1.3. Sai dai a wannan gwajin dai hawan jinin masu ciki ya fi yawa a rukunin daskararre, kashi 4.4 a kan 1.4.

Da aka maimaita gwajin a kan matan da al'adarsu ke zuwa daidai, a Sin da Biyetnam, duka an buga a 2018, ba a ga wani bambanci a yawan haihuwa ba. Gwajin Birtaniya na 2022 shi ma bai ga riba ba, sai ƙarin kuɗi. Wani na Sin da ya fito a 2025, kan matan da ƙwansu ya yi ƙaranci, ya nuna sabo ne ma ya fi musu. Ke nan daskarar da komai magani ne ga wasu mata sanannu, musamman masu haɗarin kumburi, amma asibitoci da yawa sun mai da shi ƙa'idar kowa.

Batun hawan jinin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne aka gano wani abu mai muhimmanci. Akwai hanya biyu ta shirya mahaifa don karɓar daskararren ɗan tayi. Ko dai a bi al'adar mace har ta fitar da ƙwai da kanta, ko a ba ta ƙwayoyin homon da za su shirya mahaifar ba tare da ƙwai ya fita ba. Ta biyun ta fi daɗi ga asibiti, tunda ana iya tsayar da ranar da aka ga dama. Amma duk sanda ƙwai ya fita yakan bar wani ɗan ƙulli mai launin rawaya a gurbinsa, wanda ke fitar da sinadarai, ciki har da wanda ke sassauta jijiyoyin jinin uwa a farkon ciki. In ba a fitar da ƙwai ba babu wannan ƙulli, kuma ƙwayoyin da ake ba ta ba sa maye gurbin duk aikinsa. Nazarce-nazarce da dama tun daga 2019 sun danganta rashinsa da ƙaruwar hawan jinin masu ciki. Saboda haka likitoci da yawa ke komawa bin al'adar mace a duk inda take zuwa daidai.

Tambayar kwana nawa ta fi sauƙin warwarewa. Barin ɗan tayi ya kai kwana biyar a ɗakin gwaji, maimakon uku, yana tace marasa ƙarfi, don haka wanda aka zaɓa ya fi saurin kamawa, kuma wannan ya taimaka ƙwarai wajen gamsar da mutane su yarda da ɗaya. Amma bai ƙara wa kowane ɗan tayi lafiya ba. Wani gwaji a Holan a 2024 ya samu jimillar haihuwa kusan daidai tsakanin hanyoyin biyu. Mai 'yan tayi biyu ko uku kacal kuwa tana iya wayar gari ranar ta biyar babu ko ɗaya da ya rage, musamman in ɗakin gwajin ba shi da tsayayyar wuta da tsabtar iska. Haka gwajin kuromozom da ake gutsurar 'yan ƙwayoyi daga ɗan tayi a auna, mai tsada ƙwarai: a gwajin Sin na 2021 kan mata 1,212 masu shekara 20 zuwa 37, waɗanda aka yi wa gwajin kashi 77.2 suka haihu, waɗanda ba a yi wa ba kashi 81.8. Yana iya rage ɓari ga mai manyan shekaru, amma ga mai ƙuruciya sau da yawa kuɗi ne ake zubarwa, har da yiwuwar watsar da ɗan tayin da zai iya zama mutum.

Gefenmu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma adadin bai bambanta sosai tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta ba. Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Farfesa Osato Giwa-Osagie da Farfesa Oladapo Ashiru sun fara aikin a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas tun shekarun 1980, kuma a Fabrairun 1998 aka haifi jaririya ta wannan hanya a hannun Dakta Ibrahim Wada a Abuja. Rajistar nahiyar Afirka, ANARA, a rahotonta na farko kan shekarar 2013, wanda ya tattaro bayanai daga cibiyoyi 40 a ƙasashe 13, ta nuna cewa a matsakaici ana mayar da fiye da biyu, kuma kusan ɗaya cikin haihuwa huɗu tagwaye ne ko fiye. Wato inda Turai take a shekarun 1990.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, su ne dai na Beljiyam a juye. Ma'aurata ke biyan miliyoyin naira daga aljihunsu, wasu bayan sayar da gona ko gwal, kuma sun san ba lalle su iya tara na biyu ba. Waɗanda suka tafi Masar ko Indiya ko Dubai suna da ƙarin matsi, domin komawa don daskararren ɗan tayi na nufin sabuwar biza da kuɗin jirgi da masauki, sai su roƙi likita ya zuba duka. Najeriya ta daɗe ba ta da dokar tarayya da ta keɓanta da wannan aiki, ko da yake jihar Legas ta fitar da nata ƙa'idodin a 2019. Ajiyar ma tana bukatar amana: tulun naitirojin ba ya dogara da wutar lantarki, amma dole a riƙa cika shi a kan kari ana sa masa ido, kuma ko a Amurka, a Maris na 2018, lalacewar tulu a birnin Kilibilan ta salwantar da ƙwai da 'yan tayi fiye da 4,000.

Ga Musulmi akwai ƙarin tambaya. Fatawar Azhar ta 1980 da matsayar Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a taronta na Amman a 1986 sun halatta dashen ciki matuƙar ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma auren yana nan. A taron Jidda na 1990 majalisar ta ce a guji samar da rarar 'yan tayi, ta kuma haramta sanya na wata a mahaifar wata. Malamai da yawa bayan haka, ciki har da hukumar fatawa ta Masar, sun yarda da daskarewa bisa sharaɗin a tabbatar ba a cakuɗa nasaba ba, kuma a yi amfani da su kafin mutuwa ko saki ya raba auren. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda ta hana adana 'yan tayi a dokarta ta 2008, ta halatta shi a ta 2019. Wanda bai natsu da yadda asibiti ke rubuta suna a kan ajiyarsa ba yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa tsarin da idonsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗuwar abu biyu. Yawancin rashin haihuwar mata a yankinmu daga toshewar hanyar ƙwai yake, sakamakon cutar da ta biyo bayan haihuwa ko ɓari ko ciwon sanyi da ba a magance ba. Irin waɗannan mata da yawansu masu ƙuruciya ne, ƙwansu lafiya lau, wato su ne waɗanda in aka mayar musu da uku, biyu ko duka ukun za su kama. Sannan cikin zai girma ne a Najeriya, ƙasar da, a kiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, ke da fiye da ɗaya cikin huɗu na duk matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, kuma take cikin ƙasashe biyar mafi yawan bakwaini. Jaririn wata bakwai a Istokhom na Suwidin yana da kwalba da na'urar numfashi da ma'aikaciyar jinya a kansa dare da rana. A garuruwanmu da yawa iyaye kan yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan ana ce musu babu gado. Kuɗin jinyar tagwaye bakwaini na makonni a asibitin kuɗi yana iya zarce na dashen kansa, kuma a kan mutanen da suka riga suka ƙarar da abin hannunsu yake faɗawa.

Gyaran da ya fi kusa ba sai an jira majalisa ba. Asibitoci na iya haɗa kuɗin daskarewa da na dashe na biyu da na uku a cikin farashi ɗaya tun farko, yadda mayar da ɗaya ba zai zama hasara ga mai biya ba. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Najeriya, AFRH, na iya wajabta wa mambobinta bayyana yawan tagwayensu tare da yawan nasararsu. Ku kuma ma'auratan da ke shirin shiga wannan hanya, kafin ku sa hannu ku tambayi likita abu huɗu: cikin matan da suka kai shekarun matar, nawa ne suka haifi ɗa mai rai a hannunsa, ba waɗanda gwaji ya nuna ciki kawai ba; cikin waɗannan nawa ne tagwaye; cikin 'yan tayi goma da ya narke nawa ke farfaɗowa; kuma in cikin ya zo da wuri, wane asibiti ne zai karɓi jariran, a kan nawa. In matar ba ta kai 36 ba kuma tana da 'yan tayi masu kyau, ku nemi a mayar da ɗaya a adana sauran.